Kwana bakwai da yara uku: Dubai, Masar ko Umra?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni ma'aikaciya ce, muna zaune a Malali a nan Kaduna. Ni da maigidana mun daɗe muna tari don mu fita da yara ƙasar waje ko da sau ɗaya ne, kuma bana ya samu hutun kwana bakwai a watan Agusta. Yaranmu uku: mai shekara shida, mai uku da rabi, sai auta da zai cika biyu a ƙarshen Agustan. Ni Dubai nake so, shi yana cewa Masar, surukata kuma ta ce in dai fita za a yi, to a tafi Umra. Mu manya muna da fasfo, yaran ba su da shi. Akwai kuma 'yar yayata mai shekara 14 da take taya ni raino, ina so mu tafi da ita. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya raya mana zuri'a. Na daɗe ina sana'ar yankar tikiti da shirya wa iyalai tafiya, don haka zan faɗa miki abin da na gani, ko da ba zai yi miki daɗi ba: duk wurare ukun nan da kuke ja a kansu, babu wanda zan tura ku a watan Agusta da yara masu waɗannan shekaru. Amma a ajiye maganar gari tukuna. Takardu ne farko, don su ne ba sa jin sauri, kuma su ne suke ɓata tafiyar da aka riga aka biya kuɗinta.

Yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki fito da takardun haihuwar yaran na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ki ajiye su kusa da takardar NIN ta kowane yaro, ki bi suna harafi-harafi, ki bi ranar haihuwa. Takardar da asibiti ya ba ku ranar sallama ba ita ake nufi ba. Yanzu ba a yin fasfo sai da NIN, har na jinjiri, kuma na yaro ana rataya shi ne a jikin na ɗaya daga cikin iyayensa. Abin da yake cikin NIN shi ne zai fito a fasfo. Mu nan Arewa wannan ne babban ciwon kanmu: a takarda ɗaya Muhammad, a ɗaya Mohammed, nan A'isha, can Aishatu, wani yaron an sa masa sunan uba a ƙarshe, ƙaninsa an sa masa na kaka. Idan suka saɓa, sai an je NIMC, hukumar da take ba da NIN, an gyara, gyaran kuma yakan ci makonni. Na sha ganin iyali sun sayi tikiti a kan rahusa, ranar tashi ta zo, fasfon yaro ɗaya yana can maƙale saboda harafi guda.

Fasfon yaro mai shafi 32 ne, na shekara biyar. Tun Satumban 2025 kuɗinsa Naira dubu 100 ne a cikin ƙasa, ke nan ki ware dubu 300 na yara uku tun kafin a zo maganar jirgi. Ana cikewa a biya ta intanet a shafin hukumar shige da fice, a ɗora takardar haihuwa da wasiƙar amincewar iyaye da hoton shafin fasfon uba ko uwa, sannan a kai yaran ofishinsu na Kaduna a ɗauki hoto. Ki fara da wata uku ko huɗu a gaba. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, kuma a ƙofar kowane ofishi irin wannan akwai masu jiran wanda lokaci ya ƙure masa. Naku fasfon ma ku duba: ƙasashe da yawa suna so ya zama da sauran wata shida a kansa daga ranar shiga, kamfanin jirgi kuma yana iya hana ku hawa tun daga Abuja a kan haka.

Sai katin rigakafin shawara, wanda aka fi sani da yalo kad. Duk wanda ya kai wata tara yana buƙatarsa, auta ma yana ciki. Ana biya ta intanet, a karɓa a wurin jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa, suna da ofis a filin jirgin Abuja da na Kano. Ki tafi da katin rigakafin asibiti na kowane yaro, don allurar shawara tana cikin waɗanda ake yi a wata tara tare da ta ƙyanda. Ga wanda yanzu za a yi masa, katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10, don haka ba abin da za a bari sai ranar tashi ba ne. Daɗinta, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Idan kina da juna biyu, ko akwai yaron da ƙwai ba ya karɓarsa, ki faɗa musu kafin a yi. Kada ki yarda wani ya ce zai kawo miki katin har gida ba tare da an ga kowa ba. Na yanzu yana da lambar da ake dubawa a na'ura.

Maganar 'yar yayarki ita ce ta fi ɗaukar hankalina a duk tambayar. A wurinmu 'yarki ce, babu wanda zai ce ba haka ba. A wurin jami'in da yake zaune a filin jirgi kuwa, yarinya ce 'yar shekara 14 da sunanta na ƙarshe bai yi daidai da na kowa a cikinku ba, ana shirin fita da ita daga ƙasa, ga alama kuma raino take yi. Irin hoton da aka horar da jami'an shige da fice da na NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, su tsaya a kansa ke nan. Ba laifinsu ba ne, da irin wannan sigar aka fitar da yara da dama aikatau. Za su iya janye ta gefe su yi mata tambayoyi ita kaɗai, yarinyar da ba ta taɓa hawa jirgi ba kuma tana iya rikicewa ta kasa faɗin ko sunan garin da za ta. In kin ƙudura sai da ita, to iyayenta na haihuwa ne za su sa hannu a neman fasfonta, su rubuta wasiƙar amincewa mai ɗauke da sunan ƙasar da ranakun tafiya da dawowa, a yi rantsuwa a kanta a kotu, a haɗa da hoton katin shaidarsu, wayarsu kuma ta kasance a kunne ranar tafiya. Ki sani kuma a lissafin jirgi ita babba ce, don daga shekara 12 cikakken kuɗi ake biya. Ra'ayina? Manya biyu sun isa riƙe yara uku na 'yan kwanaki. Amma in don ita ma ta ga duniya ne, ba don goyo ba, to wannan alheri ne, a yi shi da takardunsa.

Yanzu mu ƙirga kwana bakwan nan. Daga Kaduna, jirgin ƙasashen waje sai an je Abuja ko Kano. Ban yarda iyali mai ƙananan yara su bar Kaduna a ranar da jirginsu zai tashi ba, ko ta jirgin ƙasa daga Rigasa ko ta mota. Jirgin ƙasa yana iya makara, tikitinsa yana iya ƙarewa, titin Abuja kuma kin san halinsa. Tirela ɗaya ta faɗi, an kwana. Ke nan kwana ɗaya ya tafi a Abuja, a gidan 'yan'uwa a Kubwa ko wani masauki wajen Lugbe kusa da filin jirgi. Rana ɗaya ta tafiya, ɗaya ta dawowa. Abin da ya rage muku na hutu na gaskiya kwana huɗu ne. Duk shawarar da za a yanke, a kan huɗun nan za a yanke ta, ba a kan bakwai ba.

Dubai a Agusta zafinta yakan haura digiri 40, ga gumi mai nauyi na bakin teku. Yara ba za su taka waje da rana ba, daga otal sai manyan kantuna masu na'urar sanyaya ɗaki, inda komai na kuɗi ne. Ga biza: an rufe wa 'yan Najeriya a 2022, aka buɗe a Yulin 2024, sharuɗɗan kuma suna yawan sauyawa, kuɗin da aka biya ba ya dawowa in an hana. Masar ta fi sauƙin kai, akwai jirgi kai tsaye zuwa Alƙahira daga Abuja da Kano, tafiyar awa biyar ko ƙasa da haka kaɗan, abinci halal ne ko'ina. Amma ita ma sai da biza, kuma abin da ake zuwa gani, wato dalar Giza, fili ne na rairayi babu inuwa. Mai shekara shida zai ɗan tuna raƙumi. Sauran biyun kuka za su yi. Ku ajiye Masar sai hutun Disamba na wata shekarar, lokacin da garin yake da sanyi, yaran kuma sun fara karanta labarin Annabi Musa da Fir'auna a Islamiyya.

Umra kuwa, Hajiya surukarki ba ta faɗi abin ƙi ba, kuma kada a amsa mata da gardama. Sai dai Umra ibada ce, ba hutu ba. Ɗawafi da sa'ayi a zafin Makka na Agusta, da ɗan shekara biyu a kafaɗa da mai uku da rabi da ake tsoron ya sulale cikin cunkoso, ƙarshenta ke ba ki samu natsuwar ibada ba, su ba su samu wasa ba. Ga ƙarin alluran sanƙarau da shan inna da Saudiyya take nema daga masu zuwa daga Najeriya. Abban yara ya ce mata ana da niyya, in Allah Ya hore za a je da ita kanta, a bar yaran a gida ko a jira su yi wayo. Ina jin wannan amsar za ta fi mata daɗi.

Inda zan tura ku shi ne Gana, birnin Akra. Na san za ki ɗan yamutsa fuska, don a unguwa in aka ce an fita waje ba Gana ake nufi ba. Ki dai saurara. Ƙasar ECOWAS ce, kuma bisa yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ɗan Najeriya yana shiga ba biza har kwana 90. Fasfo da yalo kad kawai. Jirgi kai tsaye daga Abuja bai kai awa biyu ba, wato kafin auta ya gaji da zama an sauka. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya tak, barcin yara ba zai rikice ba. Agusta kuma yana cikin watannin da garin ya fi sanyi, manyan ruwan Yuni sun wuce, zafi ba ya cika kai digiri 30. Filin jirgin a cikin gari yake. Soket ɗin wutarsu irin namu ne. A Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina za ki yi ciniki da Hausa, da safe ki sayi koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake ko tuwo, abincin da yaranki suka sani. Duk uwar da ta taɓa zama a otal da yaron da ya ƙi cin komai kwana biyu ta san darajar wannan. Ranar Juma'a ku je babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021 da ginin salon Turkiyya.

Kuma akwai abu ɗaya da yaron Kaduna bai taɓa gani ba, ko da an sha kai shi gadar Kogin Kaduna: teku. Ga ɗan shekara shida, ruwan da ba a ganin ƙarshensa ya fi kowane dogon bene. Sai dai a nan zan ja kunne sosai. Tekun gaɓar Gana yana da igiya mai ja ta ƙasa, tana kwashe ƙafar babba ma. A Labadi ko duk wani bakin ruwa, wasan yashi za a yi, ruwa iya idon sawu, hannun yaro a cikin na babba. Haka kwamin wanka na otal: a raba aiki a fili, a ce wane ne yake kallon wane, don yaro yakan nutse ne shiru, a lokacin da uwa ta ɗauka uba yana kallo, uba ya ɗauka uwa tana kallo.

Ban ce Akra tana da araha ba. Masauki a unguwanni irin su Osu da Is Legon yana da tsada, tikitin jiragen Afirka ta Yamma kuma ya fi ƙarfin nisan tafiyar saboda haraji. Ribar ita ce babu kuɗin biza na mutum biyar, babu fargabar a hana, babu kwanan zaune a filin jirgin wata ƙasa. In kuma zuciyarki ta kafe sai wuri mai nisa, to Kigali ta Ruwanda: 'yan ƙasashen Afirka suna shiga kwana 30 ba kuɗin biza, garin a kan tuddai yake da sanyi da tsabta, akwai unguwar Musulmi ta Nyamirambo. Sun hana leda tun 2008, don haka kada a naɗe takalma da ita a akwati.

Wajen tikiti, ga yadda lissafin yake. Yaron da bai cika shekara biyu ba yana zama a cinya, yawanci a biya masa kashi 10 cikin ɗari na kuɗin babba. Daga biyu zuwa 11 kujerarsa daban, akasari wajen kashi 75, haraji kuma kusan cikakke. Ke nan ku biyar kuɗinku zai tasam ma na manya huɗu. A nan ranar haihuwar auta ta shigo: kamfanonin jirgi suna duba shekarun yaro a ranar kowace tafiya, har da ta dawowa. In ya cika biyu kuna can, sai an saya masa kujera. Ku sa tafiyar a farkon Agusta ko tsakiyarsa, ku dawo kafin ranar. Ki nemi jirgi kai tsaye ko da ya ɗara tsada. Mai rahusar da zai yada zango a Lome ko Abijan na awa shida, abin da kika rage a kuɗi za ki biya shi da jikinki. Sunan da ke tikiti ya zama daidai da na fasfo, kuma ki sa a haɗa ku duka a rajista ɗaya don a zaunar da ku wuri guda. In ta hannun ejan za ki saya, ki karɓi lambar tikitin ki duba ta da kanki a shafin kamfanin jirgin. Takardar ajiye kujera daban, tikitin da aka biya daban.

Masauki ɗaya, gari ɗaya. Za a ce miki ai ba a zuwa Gana ba a ga Kef Kos da gadar igiya ta dajin Kakum ba. Tafiyar awa uku ce ko fiye a mota kowace fuska, gadar kuma tana lilo a saman bishiyoyi, ba wurin mai goyo ba ce. Ku bar ta. Ki kama gida mai kicin da firji maimakon ɗaki biyu a otal, ki dafa wa auta kununsa, ki wanke kayansu. A rana fita ɗaya ta isa, da safe, a dawo a yi azahar a yi barci, da yamma a ɗan taka kusa. Rana ɗaya teku, rana ɗaya lambun Aburi da ke kan tudu, tafiyar kamar awa ɗaya, wanda yake nan tun 1890 da manyan bishiyoyi da filin gudu. Rana ɗaya wurin tunawa da Kwame Nkrumah da aka sabunta a 2023, a biya ta kasuwa. Rana ta huɗu kada a sa mata komai. Cunkoson motocin Akra safe da yamma ba wasa ba ne, ku fita bayan ma'aikata sun wuce.

A jakar hannu, ba a akwati ba, ki sa famfas na yini biyu, kayan canji na kowane yaro da riga ɗaya taki, don akwati yakan yi nasa balaguron. Dokar ruwa ta mililita 100 ba ta hana madara da abincin jariri, a nuna su kawai wurin bincike. Keken tura yaro ana barinki da shi har ƙofar jirgi, amma zanin goyo ya fi shi amfani a kan matakala. Lokacin tashi da sauka kunnen yara yana toshewa ya yi zafi. Auta ya sha nono ko ruwa, manyan su tsotsi alewa. Kada ki ba su maganin mura don su yi barci, wasu yaran tayar musu da hankali yake yi, wasu magungunan kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara biyu sam.

Magunguna kaɗan ne: farasitamol na yara da kika san awonsa, ma'aunin zafin jiki, ƙullin gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc saboda gudawa, man shafawa na sauro, da duk maganin da yaro yake sha kullum a kwalinsa na asali tare da takardar likita. Gana ma akwai zazzaɓin cizon sauro kamar nan, zazzaɓi ya zo a je a yi gwaji. Idan a cikinsu akwai mai sikila ko asma, ku ga likitansa kafin a yanki tikiti, a jirgi kuma ya yawaita shan ruwa, a rufe shi daga sanyi. Ku yi inshorar tafiya ko da ba a tambaya ba. Kuɗinta kaɗan ne a kan kwana ɗaya a asibitin kuɗi a baƙon gari. Ruwan sha na roba kawai.

Kuɗi a raba shi gida biyu, rabi a wurinki rabi a wurin maigida. Ku riƙe dala, ku canza zuwa sidi, kuɗin Gana, kaɗan-kaɗan a wurin canji mai rajista a can. Katin banki na Naira wani yana aiki a waje wani ba ya yi, kuma akwai iyaka, ki tambayi bankinki kafin ku tashi, kada ya zama shi kaɗai ne madogara. Abin da ya haura dala dubu 10 dole a bayyana wa kwastan, ko da yake ban ga abin da zai kai ku nan ba. Ki ware kashi ɗaya cikin biyar na kasafin ki manta da shi, na ko-ta-kwana ne. Tsaraba kuma a yanke mata iyaka tun a gida, a rubuta sunaye, in ba haka ba kwana huɗun a kasuwar Makola za su ƙare kina auna atamfa. Ki ɗauki hoton duk takardunku a waya, ki tura wa wani ɗan'uwa a Kaduna, ki kuma sa wa manyan yaran 'yar takarda a aljihu mai sunan masauki da lambar waya, ki koya wa mai shekara shida cikakken sunan babansa.

Wajen dawowa, ki zaɓi jirgin da zai sauka Abuja da safe ko da hantsi, yadda za ku kama jirgin ƙasa na rana daga tashar Idu ko ku shiga mota da sauran haske. In na dare kaɗai aka samu, ku sake kwana a Abuja, kada a hau titin Kaduna da yara bayan magariba. Wannan kwanan ma a sa shi cikin lissafin hutun maigida tun yanzu, don kada ya sauka Rigasa da safiyar Litinin ofis yana nemansa.